Hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa ta wuyan hannu

Shekara da shekaru, in za a ɗauki hoton jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa da kateta, wato siririn bututun da ake zurawa cikin jijiya, ta gindin cinya ake shiga, bayan an gama majiyyaci ya kwanta a miƙe awa 4 zuwa 6. Likitocin zuciya ne suka fara komawa wuyan hannu, tun da likitan zuciya Lucien Campeau ya gwada a Montreal ta Kanada a 1989, na ƙwaƙwalwa suka biyo sawu daga baya. Majiyyaci yana tashi zaune nan take, kuma in jini ya ɓalle a hannu ana gani a danne, saɓanin na cinya da kan kwarara cikin ciki a ɓoye. Wahalar kan likita ta koma.

Da farko a auna jijiyar wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa da na'urar sikanin, gwamma faɗinta ya kai milimita 2. A yi allurar kashe zafi kaɗan, a huda da allura mai lamba 21, a zura siririyar waya, sannan bututun shiga mai girman Faranci 5 (ma'aunin kaurin bututu ke nan). Nan da nan a tura verapamil miligiram 2.5 da nitroglycerin maikirogiram 200, magungunan buɗe jijiya, a ba da heparin, maganin hana daskarewar jini, yunit 3,000 zuwa 5,000. A gauraya maganin da jinin majiyyacin kafin a tura, in ba haka ba hannu zai yi zugi.

Duk wannan, ban da heparin, don gudun tsukewar jijiyar ne. Jijiyar nan siririya ce, ga tsoka a bangonta. Tsoro, zafi ko yawan huda sai su sa ta damƙe kateta. In ta damƙe, kada a ja da ƙarfi, don tana iya yagewa. A ƙara magani, a ɗumama hannun, a kwantar wa majiyyaci da hankali, a jira.

Daga hannun dama, jijiyoyin wuya suna baya ne, dole kateta ta yi kwana. Shi ya sa ake amfani da kateta mai suna Simmons 2, wadda ake lanƙwasa bakinta kamar ƙugiya a cikin babbar jijiyar zuciya, sannan a jawo ta baya ta faɗa inda ake so kafin a tura rinin da ke fito da jijiyoyi a hoto. Wadda ta fi ba da wuya ita ce jijiyar ƙeya ta hagu. In ita ake nema, a shiga ta hannun hagu kawai, a huta. Wani majiyyacin kuma jijiyarsa ta naɗe kusa da gwiwar hannu, waya ta ƙi wucewa. A tura rini a ga hanya tukuna, kada a yi ta turawa a makance.

Wurin rufe hudar aka fi yin sakaci. Ana ɗaura madauri mai iska, a rage iskar har jini ya ɗan tsatso, sai a mayar da mililita 1 ko 2. A danne ɗaya jijiyar ta ɓangaren ƙaramin yatsa, a duba ma'aunin iskar jini a babban yatsa. In bugun ya ɓace, an matse da yawa, kuma haka jijiyar ke toshewa. A sassauta, a ci gaba da rage iskar a hankali har a cire madaurin cikin awa 1 zuwa 2.