Ba Kowane Mai Inji Biyu Ne Dakota Ba

Makona na uku ke nan da kama aiki a sashen adana tsofaffin hotuna aka dire mini kwali guda a kan tebur, aka ce in yi wa abin da ke ciki katin bayani. A ido aikin ba shi da wuya. Ka ɗauki hoto, ka rubuta abin da ke cikinsa, ka sa shekara in ta samu, ka ba shi lamba, ka wuce na gaba. Yawancin hotunan kwalin na jiragen sama ne, baƙi da fari, gefen wasu har ya fara ja don daɗewa, kuma da ƙyar ka samu wanda aka yi wa rubutu a baya.

Na farko da na ɗauka jirgin ƙarfe ne mai inji biyu, fukafukansa a ƙasan jiki, hanci ya ɗaga sama, wutsiya ta zauna a kan 'yar ƙaramar taya. An ɗauke shi ta gaba, a ɗan karkace, da mutum uku tsaye a inuwar fiffike. Ko minti ɗaya ban yi ba na rubuta Douglas DC-3. Kuma ba da ka na yi ba, ina da abin kafa hujja. Tun da jirgin ya fara tashi a Disambar 1935, in aka haɗa na fasinja da na soja da waɗanda aka ƙera a wasu ƙasashe, an yi sama da 16,000. Shi ne wanda Turawan Ingila suka raɗa wa Dakota. Duk wanda ya ga tsohon jirgi mai wannan siffa ya ce DC-3 ne, sau tari zai dace.

Akwai wani dattijo a sashen da kowa ke kira Malam, wanda ya fi shekara talatin yana wannan aiki. Ya zo wucewa ya ɗauki katin, ya dubi hoton, ya dube ni.

"Samari, me ka gani a nan?"

"DC-3 ne, Malam."

"Ban tambaye ka sunansa ba. Cewa na yi me ka gani."

Ya miƙo mini gilashin ƙara girma. Na ƙirga tagogi, bakwai. Na ce ai DC-3 ma bakwai gare shi. Ya ce in ci gaba. Na gangara zuwa hanci, sai ga fitilu biyu zagayayyu dab da juna a can ƙarshensa, kamar idanu. Ya sa ɗan yatsa a gefen jirgin ba tare da ya taɓa takardar ba, ya ce in duba yadda haske ya kwanta a jikin. Bai lanƙwasa ba, ya sauko a miƙe kamar a jikin bango.

DC-2 ne, yayan DC-3, wanda ya fara tashi a 1934, kuma waɗanda aka ƙera ba su cika 200 ba. Kujera 14 gare shi, ɗaya a dama ɗaya a hagu, layi bakwai. Da aka zo yin ƙanensa sai aka buɗa jikin aka zagaye shi, har layi ɗaya ya ɗauki mutum uku, kujeru suka zama 21. Layukan ba su ƙaru ba, shi ya sa ƙirga tagogi bai raba mini gardama ba. Fitilun sauka kuwa a DC-3 an ɗauke su daga hanci an mai da su bakin fukafukai. Akwai bambancin faɗin fukafukai ma, ƙafa 85 da ƙafa 95, amma wannan ba abin da hoto zai nuna maka ba ne sai an jera su biyun.

Abin da ya tsaya mini a rai ba kuskuren ba ne. Na ga fitilun nan tun farko. Suna nan ƙuru-ƙuru a tsakiyar hoton. Sai dai sunan ya riga isowa, kuma da ya iso sai idona ya koma yi masa aiki: duk abin da ya yi daidai da DC-3 ya tattaro, wanda bai yi daidai ba ya tsallake. Kama da wane ba ta wane, kowa ya san wannan, amma ban taɓa lura cewa suna yana iya rufe wa mutum ido ba sai ranar.

Daga nan Malam ya hana ni fara kati da suna. Sai na rubuta siffa tukuna, da fensir, kamar mai ba makaho labari. Fiffike nawa, ɗaya ko biyu a ɗore? A ina ya haɗu da jiki? Inji nawa, kuma mai zagayayyar fuska ne da iska ke sanyaya shi, ko mai dogon baki? Wutsiya ɗaya ko biyu? Tayoyi suna naɗewa ko a kafe suke? Jikin ƙarfe ne ko yadi aka ja a kan ƙashi? Da farko na ɗauka ɓata lokaci ne. Amma kowace amsa tana zubar da ɗaruruwan jirage daga lissafi. Jirgi mai inji uku da jiki mai gurgura kamar kwanon rufi, alal misali, kusan biyu ne za su rage maka: in fiffike a sama yake Ford Trimotor ne na Amurka, in a ƙasa yake Junkers Ju 52 ne na Jamus. Ko a nan ma ba a gama ba, don an ci gaba da ƙera Ju 52 a Faransa da Sifaniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu da wasu sunaye.

To, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Bayan wata biyu na zama mai neman abin mamaki a kowane hoto. Wata rana na ci karo da wani mai zagayayyen jiki, fitilu a fiffike, komai na DC-3, amma ƙofar fasinja a dama take, alhali na saba ganinta a hagu. Gabana ya faɗi don murna. Na san Tarayyar Sobiyet ta sayi izinin ƙera jirgin, ta yi kusan 5,000 da sunan Lisunov Li-2, kuma nasu ƙofar fasinja a dama take. Na cika katin gaba da baya da bayani, na kai wa Malam ina ji da kaina.

Bai ma dubi jirgin ba. Ya kai gilashi can ƙuryar hoton, inda wata rumfar jirage ta fito dishi-dishi, ya ce in karanta abin da aka rubuta a bangonta. Haruffa uku kawai ake iya gani, kuma duk sun juya baya. Ya dawo kan wani mutum da ke tsaye kusa da tsani, ya nuna mini yadda gaban rigarsa ya rufe ta ɓangaren da rigar maza ba ta rufewa. Wanda ya wanke hoton ne ya kifa fim ɗin, dama ta koma hagu. DC-3 ne na yau da kullum. Sannan ya ƙara da cewa ko da hoton bai juya ba, ƙofa kaɗai ba za ta kai ni Rasha ba, don kamfanin American Airlines ma da ƙofa a dama ya sa aka yi masa nasa. Wato ranar da na ce DC-3 ne, ba shi ba ne, ranar da na rantse ba shi ba ne, shi ne. Malam ya yi dariya har sai da ya cire tabarau.

Shi ne ya ba ni labarin da ya sa na daina yarda da alama ɗaya tak. A 1941, a ƙasar Sin, bam ɗin Japan ya lalata fiffiken wani DC-3 na kamfanin jiragen sama na CNAC yana ajiye a ƙasa. Ba a samu irinsa ba, sai aka kawo fiffiken DC-2, wanda ya gaza nasa da ƙafa biyar, aka ɗaura masa, kuma ya tashi a haka. Jirgi ba ya mutuwa yadda aka haife shi. Ana sauya masa inji, a toshe taga, a faɗaɗa ƙofa, na soja ya koma na fasinja bayan yaƙi.

Inda na fi daɗewa ina koyo shi ne rubutu da tambarin da ke jikin jirgi, don su ne ke ba da ƙasa da lokaci. Tun yarjejeniyar Paris ta 1919 jiragen farar hula ke ɗauke da lambar rajista mai farawa da harafin ƙasa: G na Birtaniya, F na Faransa, D na Jamus, N na Amurka, PH na Holan. In lambar ta fito duka, aiki ya zo da sauƙi, don kundin rajista zai ba ka samfurin da mai shi. Matsalar ita ce kullum sai ka tarar kan wani ko ganga ta tare harafi biyu. Kuma wasu ƙasashe suna sake ba wani jirgi lambar da wani ya taɓa riƙewa, saboda haka ko lamba ta fito sai ka gwada ta da siffar da ka rubuta.

Tambarin sojan Amurka kuwa kamar kalanda yake. Tauraro fari mai jan ɗigo a tsakiya, kafin Mayun 1942 ne, lokacin da aka cire ɗigon don kada a ɗauka jan da'irar Japan ce. Fararen sanduna biyu a gefen tauraro sun shigo a tsakiyar 1943. Jan layi a cikin sandunan sai Janairun 1947. Lambar da ke wutsiya ma tana magana: adadin farko shi ne adadin ƙarshe na shekarar kasafin kuɗin da aka ba da odar jirgin, ba shekarar da aka ɗauki hoto ba. Na taɓa haɗa waɗannan biyun, Malam ya gyara mini.

Sai launi, wanda a hoto baƙi da fari mayaudari ne. Tambarin Birtaniya da na Faransa duk da'ira ne cikin da'ira, na Birtaniya ja a tsakiya shuɗi a waje, na Faransa akasin haka. Akwai tsohon nau'in fim da ba ya ganin ja, sai ya fito da shi baƙi ƙirin, shuɗi kuma ya fito fari-fari. In ba ka san irin fim ɗin da aka yi amfani da shi ba, za ka iya mai da jirgin wannan ƙasa na waccan. Dabarar Malam ita ce ya nemi wani abu a hoton da ya san launinsa, tuta ko sararin sama, ya ga yadda fim ɗin ya yi da shi.

Cikin shekarata ta biyu wani mutum ya kawo mana hotunan mahaifinsa, wanda ya yi aikin kanikanci a filin jirgi. Ya ware ɗaya ya riƙe shi da hannu biyu. Ƙaramin jirgi ne mai inji biyu da wutsiya biyu, ga wani matashi tsaye a gabansa da tsumma a aljihu. A bayan hoton an rubuta da biro cewa wannan shi ne jirgin Amelia Earhart, wato shahararriyar matuƙiyar jirgin sama 'yar Amurka. Ya ce tun suna yara haka aka gaya musu.

Ran nan Malam ba ya nan. Na ɗauki fensir na fara da siffa. Jirgin Earhart Lockheed Electra 10E ne, mai lamba NR16020, kuma ya ɓace da ita a tekun Pasifik a Yulin 1937. Akwai jirage uku da ake yawan rikitawa a nan: Electra ɗin, da ƙanensa Lockheed 12, da Beechcraft 18, wanda aka ƙera sama da 9,000. Wutsiya ce ke raba su. A jiragen Lockheed, shimfiɗaɗɗen ɓangaren wutsiya yana ɗan zarce tsayayyun biyu ya leƙo waje. A Beechcraft tsayayyun suna can bakin ƙarshe, sun rufe shi ruf. Na hoton nan a rufe yake. A gefen jikin kuma, rabi a bayan kafaɗar matashin, ga tauraro da farar sanda, da layi mai duhu ya ratsa tsakiyarta. Hoton bai riga 1947 ba. Shekara goma tsakaninsa da ɓacewar Earhart. Biron ma da aka yi rubutun da shi bai yaɗu a hannun mutane ba sai bayan yaƙi.

Na daɗe ina juya yadda zan faɗa masa. Da a watannina na farko ne da tuni na sanar da shi da murya mai ƙarfi, don a san na gano. Na jawo masa kujera, na ce, "Yallaɓai, bari in nuna maka abin da na gani, kai ma ka duba." Na nuna masa wutsiya, na buɗe masa hotunan jiragen biyu a littafi, na nuna masa layin cikin sanda. Ya yi shiru. Can ya tambaya ko za a goge rubutun bayan. Na ce a'a, ba ma goge komai. A katin zan kwafe abin da aka rubuta kamar yadda yake, in sa cewa daga iyali ya fito, a ƙasa kuma in rubuta Beechcraft 18 na sojan Amurka, 1947 ko bayanta, da dalilan da suka sa.

Ya gyaɗa kai, ya ce in ara masa gilashin. Na ɗauka wutsiyar zai sake dubawa. Sai na ga ya kai shi kan aljihun matashin, inda kan sifana ya leƙo kusa da tsumman, ya ce wannan sifanan har yanzu yana cikin akwatin tsohon.