Abin da na gani wajen koya wa matasan jami'ai takardar binciken gida a Garwa

Bayan na ajiye kaki, sai aka nemi in riƙa zama da matasan jandarmomi da 'yan sanda a nan Garwa, waɗanda suka yi rantsuwar binciken laifuka, mu bi takardun binciken gida layi-layi. Abin da nake fara cire musu daga kai shi ne zaton su ne masu ba da izini. A dokar tsarin shari'ar laifuka ta Kamaru, wadda aka sa wa hannu ranar 27 ga Yuli 2005 ta kuma fara aiki ranar 1 ga Janairu 2007, izinin shiga gidan mutum yana fitowa ne daga mai gabatar da ƙara na gwamnati, ko alƙali mai bincike, ko kotu. Namu shi ne rubuta buƙatar da za ta gamsar da mai sa hannu, sannan rahoton abin da ya faru a cikin gidan.

A buƙatar ake shan wuya. Wani yaro ya miƙo min tasa, ya rubuta sunan mutum da na unguwa, Hausare, shi ke nan. Na ce wane gida? Ya ce, "Shef, ai kowa ya san gidan." Na ce alƙali bai san shi ba, haka ma abokin aikinka da aka kawo jiya daga Yawunde. Lungunanmu babu lamba. Zaure ɗaya ne, amma kana shiga ka tarar da sashen maigida, na ƙaninsa, da ɗakunan 'yan haya waɗanda ba ruwansu da zargin. Sai da ya sake rubutawa: daga masallaci, lungu na biyu a hannun dama, ƙofar ƙarfe shuɗiya, sashen da ke bayan rijiya. Haka nan abin da ake nema. "Kayan laifi" ba bayani ba ne. In tiramol ne a ce tiramol, in babur ne a faɗi launinsa da lambarsa, a kuma faɗi abin da ya sa ake zaton yana can.

Akwai wani sashe da suke karantawa su wuce kamar ba su gani ba, sashe na 93. Ya ba maigida haƙƙin laluben jami'i kafin jami'in ya fara bincike, kuma dole a sanar da shi, a rubuta a rahoto cewa an sanar da shi. Nakan sa ɗaya ya zama maigida, ɗaya ya tsaya da kakinsa ya ɗaga hannuwa. Dariya suke fara yi, wasu kuma ransu ya ɓaci. Wani ya ce min, "Baba, wannan ai zubar da mutunci ne." Amma wanda ya yarda aka lalube aljihunsa a gaban mutum biyu da doka ta ce su shaida binciken, wa zai tashi a kotu ya ce shi ya shigo da ƙullin da aka samu ƙarƙashin katifa?

Lokaci ba ya ba su wahala: ba a fara binciken gida tsakanin ƙarfe 6 na yamma da 6 na safe, in kuma aikin rana ya kai magariba sai da izinin mai gabatar da ƙara. Inda nake tsayawa shi ne yardar maigida idan babu takardar izini. Doka ta karɓi dangwale daga wanda bai iya sa hannu ba, to amma dattijon da bai ji Faransanci ba, ga bindigogi a zaurensa, me ya sani ya dangwala? Shi ya sa nake tilasta musu su fassara masa takardar da Hausa ko Fulatanci, shaidu suna ji, a ba matan gida lokacin kimtsawa, a tafi da jami'a mace in da hali.

Masu ganin na cika tsanani, sashe na 100 nake buɗe musu: binciken da ya saɓa wa waɗannan ƙa'idoji rusasshe ne. Lauyan wanda ake tuhuma kuwa rahoton nan yake fara nema, ya duba ƙarfe nawa aka shiga, su wa suka shaida, da ko an rufe kayan da aka kama da hatimi a gaban mai su.