Awa ɗaya ranar Lahadi

Ni dai aikina fassara ne da haɗa fosta da ɗan gajeren bidiyo, Larabci zuwa Hausa, Hausa zuwa Larabci. A Jidda nake zaune amma rabin masu bani aiki ejan-ejan ne na Umara da Hajji a Kano da Kaduna da Maraɗi, sauran kuma masu shaguna ne a nan kasuwannin Balad da Bab Sharif da suke son alhazanmu su gane abin da suke sayarwa, turare, abaya, dabino, akwatuna. Bani da ofis bani da maigida, daga ni sai laftof da jawwal, wato wayar hannu. Na faɗa harkar ne bayan korona, lokacin da aka dakatar da Umara ƙarshen Fabrairun 2020 kamfanin motocin da nake yi wa aiki ya sallame mu.

Duk wanda abincinsa ke rataye da alhazai ya san yadda shekara take. Daga Rajab zuwa ƙaramar Sallah ko tamis da ful, burodi da waken nan ƙasar, sai dai ka ci a tsaye, Zulƙida da Zulhajji ma haka, to da jirgin ƙarshe ya kwashe alhazai Muharram ya kama sai kaji tsit kamar anyi ruwa an ɗauke. Shekara biyu a jere abu ɗaya nake yi, in da aiki bana tuna akwai wani abu wai shi talla, in aiki ya ƙare kuɗin haya ya matso sai in haukace, status goma sha biyar a rana, in bi duk wata lamba da ke wayata da saƙo iri ɗaya, har da mai gyaran mukayyif, wato AC. Kuma mutane suna jin warin yunwa a jikin saƙo wallahi. Wanda a watan Sha'aban yake roƙona in karɓi aikinsa a riyal 400, shi ne a Safar zai ce min ya shehi 150 ce dani, kuma in karɓa.

Goggona ce ta fara gaya min gaskiya. Ta fi shekara talatin tana yin waina da tuwo a Makka wajen Shari'il Mansur, ita ko karatun boko bata yi ba. Na je gaishe ta ina ƙorafin kasuwa tace "kai ɗan nan, ba a fafe gora ranar tafiya. Ni ka taɓa ganin na daina aika wa mutane ɗanɗano don yau ciniki yayi kyau?" Nace Goggo ai ni kunya nake ji, yabon kai jahilci. Ta kalle ni tace to ci kunyar mana in tana ƙosarwa.

Maganar kunyar nan ba wasa bace, ina ganin ita ce asalin ciwon ba lalaci ba. An raine mu a kan cewa mutumin kirki baya cewa ga ni, aikinsa ne zai faɗa. To amma aikin nawa yana cikin wayar wani ejan a Kano, baki gare shi da zai faɗa? Abin da ya warware min shi ne na daina rubuta "ni gwani ne", na koma nuna aikin kawai, ga takardar otal yadda tazo da Larabci, ga ta da Hausa yadda Hajiyar ƙauye zata gane ƙarfe nawa ake bada abinci. Wannan ba yabon kai bane, baje kaya ne, ko mai tumatir yana yi.

Tsarin da na tsaya a kai ƙarami ne har ina jin nauyin faɗa. Mako a nan Lahadi yake farawa tunda Juma'a da Asabar ne hutu, to duk Lahadi bayan Asuba kafin in buɗe aikin kowa, awa ɗaya tawa ce. Ina da wani ɗan littafi na riyal biyar, ba manhaja ba, littafi na takarda, da sunan duk wanda na taɓa yi wa aiki da ranar da muka yi magana ta ƙarshe. In zaɓi mutum biyar in rubuta musu saƙo, kowa da nasa. Ba "akwai aiki?" ba. Wani in tambaye shi ya alhazansa suka isa gida, wani in tura masa sabuwar sanarwar da ta fito a Nusuk, manhajar hukuma ta Umara da Hajji, na riga na juya ta Hausa kyauta, tunda na san yana fama da Larabcin hukuma. Amma bana turawa a lokacin, don muna gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, shidan safe a Jidda huɗun dare ne a Kano, na taɓa tada wani Alhaji daga barci ban ji da daɗi ba. Sai in ajiye su zuwa bayan Azahar ɗinmu.

Sai status sau uku a mako, Lahadi, Talata, Alhamis, guda ɗaya tak kowace rana. A cikin awar nan ta Lahadi nake haɗa duka ukun in ajiye, don in nace sai ranar zan yi tunanin abin da zan saka to bazan saka ba, na san halina.

Cikin biyar ɗin nan yawanci uku basa amsawa, ɗaya yace na gode, ɗaya kuma bayan sati shida sai kaga ya dawo da aiki ko ya turo ƙaninsa. Wannan jinkirin shi ne abin da ban gane ba da farko. Tallar yau ba abincin yau bace. Ejan ɗin da zai sayar da kujerun Umarar azumi tun Jimada yake neman wanda zai haɗa masa fosta, na Hajji kuwa tun kafin azumi. Kenan lokacin da ya kamata sunana ya faɗo masa a rai shi ne wata uku kafin kakar, kuma da yake watannin Musulunci suna matsowa da kwana 11 duk shekara, kalandar bature ruɗa ni take yi, na koma lissafi da ta Ummul Ƙura kawai, kalandar Musulunci ta Saudiyya.

Abubuwan da na gwada basu yi min ba suna da yawa. Saƙon bai-ɗaya na WhatsApp mutum 256 yake ɗauka kuma sai wanda ya ajiye lambarka ne zai gani, nayi wata guda ina magana da bango ban sani ba. Na buɗe shafi a Khamsat da Mostaql, dandalin neman aiki a intanet, wuri ne mai kyau ga masu aikin Larabci zalla amma ni masu neman Hausa basu zo min ta can ba. Snapchat kuwa duk da nan ƙasar kowa yana kai, ejan ɗin Kano baya can, yana WhatsApp da Facebook. Na bar su duka, ba fushi.

Inda tsarin ya biya ni da gaske shi ne lokacin da naira ta faɗi. Daga tsakiyar 2023 zuwa farkon 2024 dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500, shi kuma riyal a ɗaure yake da dala, 3.75, don haka farashina bai motsa ba amma a idon mutanen Kano na ninka sau uku. Da yawa suka ja baya, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da ya riƙe ni masu shagunan Balad ne da mutanen Maraɗi masu sefa, waɗanda da can sai in shekara ban gaishe su ba, amma saboda littafin nan duk wata biyu layi yana zuwa kansu. Da tsohuwar zuma ake magani, gaskiyar Hausawa.

Kar in yi ƙarya, ina karya dokar. Goman ƙarshe na azumin bara ban buɗe littafin ba sam, dare ya zama rana, aiki ya rufe ni, nace shikenan bayan Sallah, bayan Sallah ta zama bayan Hajji. Muharram yazo ya same ni kusan yadda ya saba samuna. Shi yasa bana na rage wa kaina, in kaka ta kama mutum biyu ne maimakon biyar, minti goma sha biyar, ko a mota nake hanyar Makka zan iya.

Satin da ya wuce layi ya zo kan wani dattijo mai shagon darduma da carbi, rabona da shi tun wata takardar farashi da na fassara masa. Na tura masa gaisuwa kawai na tambayi ƙafarsa da yake ciwo. Bai bani aiki ba. Ya turo murya ta minti huɗu yana bani labarin asibiti, a ƙarshe yace in na shigo Balad in biyo in sha shayi, na rubuta kwanan wata a gaban sunansa na wuce na gaba.