Kwalbatin da muka zuba a tsakiyar gona

Ni ƙaramin ɗan kwangila ne, magudanar ruwa da kwalbati su ne abincina. Birkiloli uku gare ni, leburori kuwa sai yadda aiki ya kama. Tun 2011, da gwamnatin tarayya ta kafa sababbin jami'o'i tara, ciki har da na Dutse da Dutsin-Ma da Kashere, irinmu muka fara samun guntayen ayyuka a ƙarƙashin manyan kamfanoni.

Akwai wani aiki da ba na mantawa. Injiniyan wata jami'a ya kai mu bayan gari, cikin gonar da aka gama girbe gero, ya nuna mana turaku huɗu masu jan fenti, ya ce nan za mu zuba kwalbati mai baki biyu. Ba titi, ba gini, sai karare da tumaki. Babban birkilana ya matso ya ce, "Maigida, wa zai bi ta nan?"

Injiniyan bai yi musu ba. Ya shimfiɗa babbar taswirar jami'ar a kan motarsa, muka danne gefunan da duwatsu saboda iska. Ga inda ɗakunan kwanan ɗalibai za su zauna, ga tsangayu, ga titin da zai haɗa su, kowanne da zangon da za a gina shi. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ba ta amincewa da sabuwar jami'a sai da irin wannan taswira, kuɗin gini kuma, yawanci na asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, kashi-kashi yake zuwa. Sai ya faɗi abin da ya zauna mini: ruwan da gonar nan ke shanyewa yau, ranar da kwano da kwalta suka rufe ta, duk ta wannan kwarin zai kwararo.

Shi ya sa ban yarda a rage rodi ko a tsuke baki don a tsira da 'yan kuɗi ba, ko da siminti ya yi tsada. Ina jin ciwo in ga an dasa gini inda taswira ta ce hanyar ruwa ce, don kawai nan ya fi kusa da ƙofa.

Daminar bara na kai yashi wurin. Ɗakin kwana ɗaya ya tashi, titin har yanzu jar ƙasa ce. Na tsaya a kan kwalbatin bayan an ɗauke ruwa, baki ɗaya cike yake yana gudu, ɗayan ko rabi bai kai ba tukuna.