Wa ya biya kuɗin Jackie Robinson?

Ban taɓa riƙe sandar besbol ba, har yau kuma in aka zaunar da ni gaban talabijin sai an yi ta yi mini bayanin abin da ya sa wannan ya ruga, wancan ya tsaya. Karatu ne ya haɗa ni da wasan. Lokacin da nake digiri na biyu a fannin gudanarwa a Amurka, wata malamarmu ta ce kowa ya zaɓi shugaba ɗaya cikin waɗanda aka karrama a Zauren Gwarzayen Besbol da ke Cooperstown a jihar New York, ya rubuto shafi goma a kan yadda ya tafiyar da jama'a da dukiya. 'Yan ajinmu da suka tashi cikin wasan suka kaure da gardamar sunaye, ni kuwa na yi zuru. Baƙo ai makaho ne ko da idonsa.

Na ɗauki Branch Rickey saboda labarinsa ya fi sauƙin samu, kuma yana da daɗin faɗi. Shi ne ya kafa wa ƙungiyar St. Louis Cardinals tsarin mallakar ƙananan ƙungiyoyi, inda ake rainon yara tun suna ɗanyu a kan kuɗi kaɗan maimakon a sayi gwanaye da tsada. Da ya koma Brooklyn Dodgers sai ya ɗauko baƙin ɗan wasa Jackie Robinson a 1945, ya tura shi ƙaramar ƙungiyarsu ta Montreal ya yi kaka guda, bayan ya karɓi alkawarinsa cewa duk zagin da za a yi masa ba zai rama ba. Ranar 15 ga Afrilu, 1947, Robinson ya fito fili cikin rigar Dodgers, katangar da ta hana baƙaƙen fata shiga babbar gasa shekaru kusan sittin ta faɗi. An karrama Robinson a 1962, Rickey kuma a 1967, shekara biyu bayan mutuwarsa. Na zuba wannan duka, na yi masa ado da kalmomin hangen nesa da jarumta, na miƙa ina jin kaina.

Takardar ta dawo da layi ɗaya tak da jan biro a ƙasan shafin ƙarshe: "A ina Robinson yake aiki kafin Rickey ya ɗauke shi, kuma nawa aka biya masu wurin?"

Raina ya sosu, don a ganina tambayar ta kauce wa batun. Amma na koma laburare. Robinson yana buga wa Kansas City Monarchs ne, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin gasar baƙaƙen fata, kuma ko sisi Rickey bai ba su ba. Hujjarsa ita ce gasar tasu ba ta da tsari, ba ta da kwantiragin kirki. Haka ya ɗauke Don Newcombe daga Newark Eagles. Masu ƙungiyoyin nan sun shiga tsaka mai wuya: in sun ɗaga murya a ce suna tare wa 'yan'uwansu hanyar ci gaba, in sun yi shiru a kwashe musu jari da rana tsaka.

A nan na ci karo da Effa Manley, matar da ban taɓa jin sunanta ba duk karance-karancen da na yi a kan Rickey. Ita da mijinta Abe ne masu Newark Eagles, amma ita ke riƙe da littafin kuɗi, ita ke tsara tafiye-tafiye da albashi da kwantiragi. Ƙungiyarta ta ci kofin gasar baƙaƙen fata a 1946, inda ta doke Monarchs ɗin nan. Ba ta yarda ta yi shiru ba. Da Bill Veeck, mai ƙungiyar Cleveland, ya zo neman ɗan wasanta Larry Doby a 1947, sai da aka yi ciniki, ya biya dala 15,000 jimilla. Kuɗin ba su kai darajar ɗan wasan ba, ita ma ta sani, sai dai sun tabbatar da cewa takardar da baƙar ƙungiya ta rubuta takarda ce. Duk da haka 'yan kallo suka bi gwanayensu zuwa filayen Turawa, tikiti ya daina sayuwa, a ƙarshen 1948 ita da mijinta suka sayar da ƙungiyar. Ta rasu a 1981. Sai a 2006 aka shigar da ita Zauren, mace ta farko.

Ban sauke Rickey daga matsayinsa a rubutuna na biyu ba, don abin da ya yi ya yi shi, a lokacin da sauran masu ƙungiyoyi suka noƙe. Amma na daina kallonsa a matsayin waliyyi. Ɗan kasuwa ne mai kaifin ido da ya ga gaskiya da riba sun zo hanya ɗaya, ya bi, ya bar wasu da asarar. Malamar ta karanta a gabana, ta ce, "Yanzu ka fara rubutun gudanarwa. Na farkon kirari ne."

Wanda ya fi zama mini a rai kuwa ba ya cikin aikin da aka ba ni. Buck O'Neil ya buga wa Monarchs, ya horar da su, daga baya ya zama mai nemo wa Chicago Cubs 'yan wasa, shi ya kawo musu Lou Brock. A 1962 ya zama baƙin mutum na farko da ya shiga sahun masu horarwa a babbar gasa. Tsufansa kaf ya ƙarar wajen ba da labarin abokansa da aka manta, yana cikin waɗanda suka kafa gidan tarihinsu a Kansas City. A 2006 kwamiti ya zauna ya zaɓi mutum 17 daga wancan zamani da za a shigar Zauren, har da Manley, babu sunansa. Dattijon mai shekara 94 ya je Cooperstown a watan Yuli, ya hau mumbari ya yi jawabi a madadin waɗanda aka zaɓa, waɗanda babu ko ɗayansu a raye, har ya sa jama'a suka riƙe hannun juna suna waƙa. A watan Oktoba ya rasu.

Yanzu a ofishinmu ni nake haɗa rahoton ƙarshen shekara. Duk aikin da aka ce an kammala, nakan tona tsofaffin fayil in ga wa ya faro shi, in sa sunansa, ko da an yi masa canjin wurin aiki ko ya yi ritaya. Wata shekara wani maigidana ya soke sakin layin gaba ɗaya, ya ce rahoto ba ta'aziyya ba ne. Na ce to ranka ya daɗe, na mayar da sunayen cikin jadawalin da ke shafin baya, inda na san ba ya dubawa. A kan teburin nan nake, a watan Disamba na 2021, wani tsohon ɗan ajinmu ya turo mini saƙo ta WhatsApp cewa an zaɓi O'Neil, shekara 15 bayan an binne shi.