Inda na kwana a aikin akwatin jirage da katuna

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu koyo irina. Tun ƙarshen hunturu na yi alkawarin kawo muku labarin akwatin da nake ajiye jiragen wasana da katunansu, ga shi har damina ta fara ja baya ban cika ba. Ba lalaci ba ne zalla. Sau uku ina rushe abin da na haɗa, kuma ban so in nuna muku dabarar da ni kaina zan watsar bayan mako biyu.

Saboda sababbin shiga, bari in fara da abin da nake adanawa. Wasan shi ne Wings of Glory, wasan tebur na yaƙin jiragen sama, wanda wasu 'yan Italiya biyu, Andrea Angiolino da Pier Giorgio Paglia, suka ƙirƙira. Ya fara fita a 2004 da sunan Wings of War, lokacin katuna ne zalla, har jirgin ma a jikin kati aka zana shi. Daga baya aka fara yin 'yan ƙananan jirage masu fenti, sannan kamfanin Ares Games ya ci gaba da shi da sabon suna a 2012. Nawa na yaƙin duniya na ɗaya ne, waɗanda ake rage girmansu sau 144. Yayana ne ya fara kawo mini huɗu da ya zo hutu daga Turai, yanzu sun kai tara.

Wannan lissafi na 144 ku riƙe shi, domin da shi za ku san girman ramin da za ku yanka tun jirgin bai iso hannunku ba. Fokker Dr.I, mai fukafukai hawa uku irin wanda shahararren matuƙin Jamus Manfred von Richthofen yake ciki ranar da aka harbo shi a Afrilun 1918, faɗin fiffikensa na gaske ya ɗan haura mita 7. In ka raba, santimita 5 ke nan. Sopwith Camel na Ingila ya kusa santimita 6, Albatros D.Va na Jamus ya ɗan wuce 6. Dukkansu za su zauna a tafin hannu. Amma Gotha G.V mai jefa bam, wanda faɗinsa ya kusa mita 24, ya haura santimita 16, kuma zan dawo kansa, don har yau shi ne ƙashin da ya tsaya mini a wuya.

Gwaji na farko: gwangwanin biskit da auduga

Ba sai na tsawaita ba, kada ku yi. Na ga kamar abu mai laushi shi ne maganin abu mai saurin karyewa. Ashe zaren auduga yana naɗe farfela da 'yan siraran sandunan da ke tsakanin fukafukai, sai ka zo ɗaga jirgi ka ji abu ya riƙe. Ranar da na ɗauki gwangwanin a a-daidaita-sahu zuwa gidan abokina, mai mashin ya faɗa wani rami, na ji ƙwaras daga ciki. Da muka buɗe, fiffiken sama na Fokker ya rabu da 'yan uwansa, yana lilo a jikin sanda ɗaya.

Gyaran ya koya mini abin da ban sani ba. Na ɗiga gam mai kamawa nan take, na kuwa yi sa'a fiffiken ya zauna daidai, sai na yi gaggawar mayar da jirgin cikin gwangwani tare da gindinsa na roba mai garai-garai, wanda ake tsayar da shi a kai, na rufe. Washegari na tarar da wani farin hazo ya lulluɓe gindin, kamar an busa masa hoda. Tururin gam ɗin ne, in an kulle shi wuri ɗaya yakan sauka a kan roba ya bar fari. Layin da ke nuna inda bindiga ke kaiwa sai an ƙanƙance ido ake ganinsa yanzu. In kun liƙa wani abu, ku bar shi a sarari ya kwana, nesa da duk roba mai garai-garai, kuma ku shafa gam ɗin da bakin tsinken sakace, kada ku matso shi kai tsaye daga kwalba.

Gwaji na biyu: soson katifa

Daga nan na je wurin masu yin kujerun kushin na roƙi ragowar soso, suka cika mini leda kyauta suna dariya. Na zana siffar kowane jirgi, na yanka da reza, na yi ramin ya matse sosai don kada jirgi ya motsa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Soson katifa yana da ƙofofi, yana cafke duk abin da ya ɗan fito, tayoyi ne ko wutsiya. Kuma matsewar da nake taƙama da ita ita ce illar: duk lokacin da zan fitar da jirgi sai na ja shi, ja kuwa a fiffike yake ƙarewa. A nan na rasa taya ɗaya ta jirgina SPAD na Faransa, wadda har yau ban gan ta ba.

Abin da na fahimta bayan na ɓata soso kusan rabin leda shi ne, jirgi ba ya son a riƙe shi ta bakin fiffike. Gangar jikinsa ce mai ƙarfi. Don haka ramin ya zama da sarari kamar kaurin tsinken ashana biyu a kewayen fukafukai, sannan a sa wani ɗan guntun soso ƙarƙashin ciki, wani a murfi ya dafa bayansa a hankali. Sai kuma a yanke gurbin yatsa biyu a gefen wutsiya, ta nan za a ɗaga. Na kuma sauya soson gaba ɗaya zuwa mai tauri mara ƙofofi, irin wanda masu haɗa silifas ke yanka tafin takalmi da shi. Yana yankuwa tas, ba ya marmashewa, ba ya cafke komai. Sai dai reza ta zama sabuwa. Da ta fara dakushewa za ka ga bakin ramin ya zama kamar ɓera ya gwaigwaye shi.

Sandunan da ake jerawa ƙarƙashin jirgi don nuna tsayinsa a sama, waɗannan ina zare su duka kafin in ajiye, in zuba a kwalbar magani da ta ƙare. Zarewa da murzawa a hankali ake yi, ba fizga ba.

Wani daga cikinmu ya ba ni shawarar mayen ƙarfe: a liƙa ƙarami a cikin jirgi, a shimfiɗa farantin ƙarfe a ƙasan akwati, kowa ya tsaya a wurinsa ba tare da soso ba. Na gwada a jirgi biyu. A kan shiryayye a ɗaki abin sha'awa ne, kuma ƙura ba ta samun soson da za ta maƙale. A hanya kuwa ban yarda da shi ba. Jirgi ɗaya ya kuɓuce, ya zama guduma a kan sauran. Wanda hanyarsa kwalta ce sumul ya gwada, ni dai tawa ba haka take ba.

Sai zafi. A watan Afrilu, lokacin da rana ke haura digiri 40, na bar akwatin a kujerar bayan motar ƙanin babana daga azahar zuwa la'asar. Murfin roba ya lanƙwashe har ya daina rufuwa. Jiragen sun tsira don soso ya tare su, amma tun ranar akwatin ba ya zama a mota in ba ni a ciki.

Inda gizo ke saƙa

Duk wannan wata huɗu da na yi ina lallaɓa jirage kamar ƙwai, katunan suna gefe na ɗaure su da robar ɗaure kuɗi na jefa a aljihun jaka. A raina ai kati ne, mun saba da na Whot da ake bugawa har su yi laushi kamar tsumma. Wannan shi ne babban kuskurena, ya fi karyewar fiffike nesa ba kusa ba.

Ku duba yadda wasan yake. Jirgin roba ado ne, kana iya ɗora murfin kwalba a gurbinsa wasa ya tafi. Abin da ke tuƙa jirgi shi ne katunan juyi. Kowane jirgi da nasa ƙunshi mai harafi: SPAD XIII na da A, Albatros D.Va na da B, Camel na da C, Fokker Dr.I na da D. A kowane zagaye kana zaɓar kati uku ka kife su, ba wanda ya san inda za ka nufa sai an buɗe. Kuma ƙunshin ba iri ɗaya ba ne, an tsara kowanne bisa halin jirgin na gaske. Camel, wanda aka yi wa laƙabin raƙumi saboda tozon da ke rufe bindigoginsa, injinsa irin mai juyawa ne gaba ɗaya tare da farfela, shi ya sa yake karya kwana zuwa dama da saurin da abokan gaba ke tsoro. An sa masa wannan kwana mai kaifi a cikin katunansa. Akwai kuma katin juyowar Immelmann, mai sunan matuƙin Jamus Max Immelmann da ya mutu a 1916, wanda da shi jirgi ke komowa ta inda ya fito.

To, wata Asabar a watan Agusta muna tsakiyar wasa, Fokker ɗin abokina ya maƙale mini a baya, na shiga lalube a ƙunshin C ina neman Immelmann. Babu. Na zazzage jaka, na duba ƙarƙashin tabarma, babu. Raƙumina lafiyarsa ƙalau, fentinsa na ƙyalli, ko ƙwarzane babu a jikinsa, amma ba ya iya waiwaye. Sai bayan kwana tara ƙanwata ta tsinto katin a cikin littafin da na sa shi alamar shafi, ni da kaina.

Wannan ma da sauƙi, tunda ya dawo. Wanda bai gyaru ba shi ne katunan ɓarna. Su ake ja a ɓoye in an harbe ka, wani sifili ne, wani maki biyu ko uku, akwai kuma na fashewa wanda ke kakkaɓo jirgi nan take. Robar da na ɗaure su da ita ta sha zafin bazara, ta zo ta sha laimar damina, ta narke ta manne a bayan katin da ke can ƙasa. Da na ɓanɓare, ta tafi da fatar takardar, ta bar wani farin tabo kamar tsawon farce. Na juya katin in ga wanne ne. Na fashewa ne. Cikin katuna masu yawa haka, shi robar ta zaɓa. Tun daga ranar duk wanda ya hango tabon a saman tari sai ya fara murmushi ko salati, gwargwadon wanda za a harba. Duk mai buga karta ya san kati mai alama ya gama aiki.

Abin da ya ceci ƙunshin shi ne rigar kati, wato ledar da ake zura kati a ciki, mai duhun baya, wadda gabanta kawai ake gani. Da na saka wa dukkan katunan ɓarna, tabon ya ɓuya. Abu biyu game da rigunan nan. Na ɗaya, ku auna katinku da rula kafin ku yi oda, domin katunan wannan wasa sun fi na karta ƙanƙanta, na karta kuwa wajen milimita 63 ne a faɗi da 88 a tsawo. Ni na fara sayen masu girman karta, katin yana yawo a ciki kamar yaro a rigar babansa. Na biyu, ku guji leda mai laushi mai warin sabon labulen banɗaki. Irin wannan tana fitar da maiƙo in ta daɗe, ta manne da tawada. Mai ɗan ƙarfi mara wari ita ce ta ajiya.

Katunan juyi kuwa na yi ta jinkiri a kansu, domin su ake shimfiɗawa gaban jirgi a auna tafiya, riga kuma tana ƙara musu ɗan tsawo da santsi. A ƙarshe na bar su tsirara, amma kowane ƙunshi na ɗinka masa gida da kwalin magani, na rubuta harafinsa da adadin katunansa a baki da babban alƙalami. In an tashi wasa ba wanda ke miƙewa sai ya ƙirga nasa a gabana. Da farko abokaina sun ce na cika tsirfa, yanzu su ke tuna mini.

Don laima, ina tara 'yan ƙullin ƙwayoyin nan da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, masu tsotse danshi, ina jefa uku a ɓangaren katuna. In sun ƙoshi ana iya gasa su a wuta mai sanyi-sanyi su sake aiki. Ku dai ɓoye su daga yara, suna kama da abin ci. Akwatin kuma ya sauka daga ƙasan gado ya koma saman kabad, bayan na ga kashin kyankyaso a kan littafin dokoki.

Yadda yake a yau: akwatin roba ne irin na masu gyaran waya, hawa biyu. Ƙasa jirage takwas cikin soson silifas, kowanne da gindinsa a wani siririn gurbi kusa da shi. Sama katuna a tsaye cikin gidajensu, sai kwalbar sanduna, sai rula. A hanya ina ɗora shi a cinya, a kwance, ba na ba ɗan kamasho ya cusa shi a but. Tafiya shida ke nan ba abin da ya karye, ba abin da ya ɓata.

Saura Gotha. Santimita 16 da ɗoriya ba za su shiga wannan akwati ba ko ta kusurwa, na gwada har sau biyu. Yana nan cikin kwalin da ya zo da shi, na naɗe da tsohon rawani. Na kai wa kafintan unguwarmu awo ya yi mini ɗan akwatin falanki mara nauyi mai murfin zamewa, ya juya jirgin a hannunsa ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko yana tashi. Ya ce in dawo ranar Laraba.