Sana'ar Sarrafa Tsohuwar Robar Gona a Maraɗi

Ƙaramar masana'antata tana sayen robar da manoma suka gama amfani da ita, wato tsofaffin buhunan taki, da tiyon ban-ruwa da rana ta cinye, da baƙar ledar renon itatuwa, da jarkoki. Yawancin kayan daga garaken Jiratawa da bakin Gulbin Maraɗi masu amalanke suke kawo su, mu ɗora a sikeli mu biya da kilo.

Masu zuwa kallo injin niƙa ne yake burge su, alhali riba da asara a wajen tancewa da wanki suke. Robar gona da laka da danshi take zuwa, wanda duk bai kakkaɓe ta kafin awo ba ƙasa zai saya da kuɗin roba. Kuma ba kowace roba ce take haɗuwa da 'yar'uwarta ba, domin leda tana narkewa a zafin digiri 110 ko kusa da haka, buhun taki kuwa sai ya haura 160, idan aka cakuɗa su abin da aka ƙera yakan fito da gautsi. Muna da kwarmin siminti cike da ruwa inda muke zuba niƙaƙƙiyar roba: leda da buhu sukan taso sama, ɓarɓashin bututun PVC ya nutse, mu kwashe shi gefe saboda hayaƙinsa guba ne.

Ledar muna narkar da ita a rabin ganga, mu zuba tankaɗaɗɗen yashi, mu tuƙa kamar tuwo, sannan mu danna a mazubin ƙarfe, ya huce ya zama tubalin daɓe wanda ruwa ba ya ci. Niƙaƙƙen buhu kuwa Kano yake tafiya ta Ɗan Isa da Jibiya, wurin masu ƙera bokiti da baho, kuma canjin Naira da Sefa ne yake yanke ribar kowace mota.

Jarkar maganin ƙwari ba na karɓarta sai an ɗauraye ta sau uku an huda gindinta, kuma ba ta shiga kayan da za a yi mazubin abinci da su, ko da mai saye ya ƙara farashi. Tun 2014 Nijar take da dokar hana leda maras kauri, amma har yau jar akuya tana haɗiyar ta a bakin gona, shi ya sa nake biyan wankakkiyar leda fiye da yadda nauyinta ya cancanta.